Yadda za ka sake buga Prince of Persia a kwamfutar yau

A wata makarantar koyon kwamfuta a Sabon Garin Zariya na fara ganin wannan wasan kwamfuta, wajen 1999. Malam yana fita sallar la'asar sai mu ajiye darasin buga rubutu, mu yi cincirindo a bayan wanda ya riga kowa zama. Wani ɗan saurayi mai fararen kaya yana gudu cikin kurkuku, daga hagu zuwa dama, ga minti 60 kacal da aka ba shi ya ceto gimbiya daga hannun waziri Jaffar. Har yau in na ji ƙarar ƙofar ƙarfe tana sauka, gabana sai ya faɗi.

Jordan Mechner ya fitar da wasan a 1989 a kan kwamfutar Apple II, na DOS, wato tsohon tsarin sarrafa kwamfuta, ya biyo a 1990. Windows ta yanzu ba ta buɗe shi kai tsaye, don haka sai ka sauke DOSBox, manhaja ce kyauta mai kwaikwayon tsohuwar kwamfuta. Ka buɗe folda a C, ka sa mata suna wasanni, ka zuba fayilolin wasan cikin wata folda mai suna prince a cikinta. A baƙin allon DOSBox ka rubuta mount c c:\wasanni, sannan c:, sannan cd prince, ka ƙarasa da prince. Alt da Enter ke cika allo. In ya cika sauri ka danna Ctrl da F11, in yana jan ƙafa Ctrl da F12. Wanda bai son wannan wahalar ya leƙa shafin intanet na Internet Archive, akwai tsofaffin wasannin DOS da ake bugawa ta burauza.

Amma inda mutane ke kashe kansu shi ne gaggawa. Maɓallin Shift shi ne ran wasan nan. Ka riƙe shi ka danna kibiya, yaron zai yi taku ɗaya a hankali, ya tsaya daidai bakin rami. Da shi ake ratsa ƙarafan nan masu tsini ba tare da sun huda ka ba, da shi ake kama gefen bango in tsalle ya gaza, da shi ake ɗaukar takobi da kwalbar magani. Jar kwalba ka sha, tana ƙara lafiya. Shuɗiya ka bar ta inda ka gan ta.

Tsallensa ma yana da nauyi irin na mutum, domin Mechner ƙaninsa ya ɗauka a bidiyo yana gudu da tsalle, ya zana motsin daga nan. Saboda haka ka danna tsalle tun kafin ka iso bakin ramin, kada ka jira sai ƙafarsa ta taɓa gaɓa. A matakin farko kuma kada ka tunkari mai gadi hannu rabbana. Juya ka nemo takobin tukuna.

Ranar Asabar da ta wuce na zaunar da ɗana a gaban wasan. Sau bakwai yana faɗawa rami ɗaya, yana cewa, “Baba, wannan wasan ya tsufa.” Na ɗora yatsansa kan Shift ban ce komai ba. Da ya kama gefen bangon ya haye, ihun da ya yi sai da mahaifiyarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.