Yadda Ake Zaɓar Kalma Ga Mai Garaje, Mai Katoɓara Da Wanda Ya Daburce

Yaro ya fasa kofi, sai ka ji an ce masa sakarai. Babba ya saki maganar da ba ta dace ba a taro, shi ma a ce sakarai ne. Laifi biyu daban, an ɗora musu kalma ɗaya, kuma kalmar ta fi ƙarfin laifin, domin sakarai hukunci ne a kan hankalin mutum ɗungurungum. Hausa ta ba kowane irin kuskure sunansa. Kafin ka zaɓa, duba abu uku: daga ina kuskuren ya fito, hannu ko baki ko zama cikin jama'a, da gangan aka yi ko kuwa, sannan aikin kake suka ko mai aikin.

Fara da hannu da ƙafa. Yarinya ta ɗauko faranti da kofuna shida, ta taho a guje, ta yi karo da ƙofa, shayi ya kife. Wannan garaje ne, wato afka wa aiki da ƙarfi ba a duba ba, sai a ce "garaje gare ta". In hankalinta na kan baƙi ne, tana tafe tana waige-waige da tsalle, rawar kai ce. In ta ajiye farantin a bakin tebur ta manta, sakaci ne. In kuwa ta ga zai faɗi amma ta bar shi haka nan, ya zama ganganci, kuma shi ya fi sauran nauyi. Ƙarar kwanoni da buge-bugen mai aiki ba natsuwa ita ce kwaramniya. Mai tafiya ba tsari yana tafe bagazan-bagazan, wanda ke shirin faɗuwa kuma yana tangal-tangal. Aikin da aka ɓata, an jagwalgwala shi, abin da ya fito kuma kwamacala.

A kula da wani tarko a nan. Kada ka ce mace "ta yi ɓari" kana nufin ta zubar da abinci, domin mai sauraro zubewar ciki zai fahimta. Ambaci abin: ta ɓarar da miya, ta zubar da shayi. A rubutu kuma kada a yar da ƙugiyar, ɓari daban, bari daban.

Baki shi ne inda kalmomin suka fi yawa, kuma nan aka fi rikita su. Ana zaune a gidan suna, aka miƙo jariri, wani ya leƙa fuskarsa ya ce, "Ai ko kaɗan bai yi kama da ubansa ba." Wuri ya yi tsit. Wannan ita ce katoɓara: magana ce da ta fito gatsal a inda bai kamata ba, mai ita kuma sau da yawa bai ma san ya yi ɓarna ba. Ana cewa ya yi katoɓara, in ta yi girma a ce ya tafka ta. Suɓul da baka daban ne. Mai shi ya san abin ɓoyewa ne, bakinsa ne ya riga shi, kuma nan take za ka ga yana neman janyewa. Ɓaram-ɓarama ta fi su faɗi, tana shafar magana da aiki duka, an kuma fi faɗarta a kan abin kunyar da aka yi a bainar jama'a. Wanda ya faro bayani tiryan-tiryan ya zo ƙarshe ya ɓata, shi ne ya kwafsa. In abin ya zama hali, mutumin sakin baki gare shi, ko a sassauta a ce ba ya tauna magana.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kiran baƙar magana katoɓara. Da mutumin gidan sunan nan yana da jiƙaƙƙa da uban jaririn, ya kuma auna kafin ya faɗa, to baƙar magana ya yaɓa, ko habaici in ya sakaya. Gatse da habaici gwaninta ake nunawa a cikinsu. In ka kira su katoɓara ka wanke mai laifi, ka mai da mugunta rashin sani. Tsakanin biyun akwai rashin kara da rashin kawaici: abin da ya faɗa gaskiya ne, amma don darajar wanda ke wurin ya kamata ya kau da kai.

Sai kuma zama cikin mutane. Saurayi ya je gaida surukai, aka tambaye shi sana'arsa, ya daburce ko ya diririce, ya shiga inda-inda da kame-kame yana sosa ƙeya, daga baya ya yi tsuru-tsuru sai yaƙe. Duk waɗannan yanayi ne mai wucewa, don haka a ce "ya daburce", kada a mai da shi suna. In ya rufe kunyarsa da faɗa, borin kunya yake. Mai tsoma baki kafin a tambaye shi azarɓaɓi ko shisshigi gare shi. Shigar da ba ta dace da wurin ba, sai a ce ta yi bambarakwai. Ƙauyanci da gidadanci kuwa, gara a rage amfani da su, domin raini ne ga mutanen karkara, waɗanda sau da yawa sun fi na birni iya gaisuwa da sanin girman manya.

Kalmomin da ke kiran mutum kansa zagi ne: sakarai, sakarya, sakarkaru, wawa, wawiya, wawaye, dolo, doluwa, dolaye, soko, sokuwa, sokaye. In gyara kake so, ɗauki sunan aikin. "Ka yi wauta" ana iya haɗiye ta, "kai wawa ne" faɗa take jawowa. Ga wanda ya girme ka ma ko wautar ba a ambata. Sai ka matso ka ce, "Baba, ina ga an ɗan samu tuntuɓen harshe." In a takarda ne kuskuren, tuntuɓen alƙalami ake cewa.