Yadda Ake Haɗa Eriyar Rediyo Mai Reshe Biyu ta Zangon Mita 20

Da farko, a lissafa tsawon wayar ta hanyar raba 143 da lambar tashar rediyon da ake so a ma'aunin megahaz. A kan megahaz 14.2, wanda ke cikin zangon mita 20, za a samu kusan mita 10.07, wato kowane reshe mita 5 da 'yan santimita. Gara a yanka da ɗan rara, domin rage waya ya fi ƙara ta sauƙi.

Na biyu, a ɗaure rassan biyu na jan ƙarfe a jikin guntun roba mai kauri, ba tare da sun taɓa juna ba. A feɗe bakin kebul na RG-58 (wanda zai haɗa eriyar da rediyo), a haɗa wayar tsakiyarsa da reshe ɗaya, saƙar da ke kewaye da ita kuma da ɗayan, sannan a yi musu dalma, a naɗe mahaɗin sosai saboda ruwan damina.

Na uku, a ɗaga eriyar da igiya tsakanin bishiyoyi ko turaku, nesa da wayoyin lantarki da rufin kwano.

A ƙarshe, a gwada da na'urar SWR (mai auna yadda eriyar ta dace da rediyon), ana datse santimita biyu-biyu daga kowane ɓangare har awon ya sauka ƙasa da 2. Sauraro ba ya buƙatar izini, amma aika saƙo sai da lasisi.