Yadda nake haɗa ruwan darbejiya, da abin da nake yi kafin in ɗauki famfon feshi

Shekarar da na fara rage feshin magani mai guba, ni da hannuna na ƙona tumatirina. Na jiƙa 'ya'yan darbejiya, na antaya garin sabulun wanki ba awo, na fesa da rana tsaka. Washegari ganyen ya yi kamar an gifta masa wuta, ƙwarin kuwa suna nan abinsu. Awo da lokaci ne suka kayar da ni, shi ya sa zan daɗe a kansu.

Kafin ka jiƙa komai, shiga gonar ka gani da idonka. Ni sau biyu a mako nake zagayawa da sassafe. Ina tsayawa wuri 5 a warwatse, a kowane wuri in duba shuka 10, in juya ganye in leƙa bayansa, don can ne ƙwan ƙwari da darɓa (ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye) suke maƙalewa. A masara kuwa ina buɗe tsakiyar ganyen inda sabon toho ke fitowa. Nan tsutsar nan mai cin masara take ɓuya, wadda ta fito daga nahiyar Amurka, aka fara ganinta a Afirka a 2016. Uwarta kan sa ƙwai 100 zuwa 200 a dunƙule guda, su ƙyanƙyashe cikin kwana biyu zuwa uku. Ka ga ke nan in ka murƙushe dunƙule ɗaya da yatsa, ka yi aikin da rabin famfo ba zai yi ba.

In ɓarnar ta fi ƙarfin hannu, sai darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina. Ƙarfinta a ƙwallon yake, ganyen bai kai shi ba ko kusa. Tsinci nunannun 'ya'ya, ka wanke naman, ka shanya a inuwa har su bushe. Duk wanda ya yi fumfuna ka zubar. Fasa ɓawon, ka daka ƙwayar, amma kada ka matsa daka har ta fara fitar da mai. Awon shi ne gram 50 a kowace lita ɗaya ta ruwa, wato rabin kilo a lita 10. Ɗaure garin a tsumma, ka tsoma a bokiti ya kwana. Da safe ka matse sosai, ka tace sau biyu da ƙyalle mai laushi, in ba haka ba bakin famfo zai toshe maka kana tsakiyar aiki. Sai ka narka ɗan sabulun sanda, kamar gram 10 a lita 10, don ruwan ya kama ganye. Garin wanki dai na gaya maka abin da ya yi mini.

Fesa da yamma lis, rana ta yi sanyi. Hasken rana yana kashe sinadarin da ke cikin ƙwayar, mai suna azadiraktin, kuma a lokacin zuma ta koma gida. Juya bakin famfon sama ya jiƙa bayan ganye, a masara kuma ka zuba a cikin tsakiyar. Abin da ka haɗa ka ƙarar da shi a ranar. Maimaita bayan kwana 7, ko da wuri in ruwan sama ya wanke.

Inda mutane ke fid da rai shi ne washegari, in sun zo ba su ga gawar ƙwari a ƙasa ba. Darbejiya ba ta kisan nan take. Tana sa tsutsa ta daina cin ganye, ta kuma kasa saɓa, sai ta mutu a hankali. Sabon tohon da ya fito bayan kwana huɗu ko biyar shi za ka duba: in ya fito ba huji, magani ya ci. Kuma ƙananan tsutsotsi take kamawa. Wadda ta riga ta yi ƙiba kamar yatsa, ka cire ta da hannu kawai.

Darɓa da farin ƙuda ruwan sabulu ma ya ishe su, cokali ɗaya na sabulun ruwa mai sauƙi a lita ɗaya, amma sai ya taɓa jikinsu. Gwada a shuka biyu tukuna, ka jira kwana ɗaya. In kuma ka ga jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi a baya yana yawo cikin darɓar, dakata da feshin. Abincinsa ke nan, shi da 'ya'yansa. Haka gizo-gizo da zanzaro, duk ma'aikatanka ne da ba ka biya.

Wanda zai saya, ya nemi maganin da aka rubuta Bt a jikinsa. Ƙwayar halitta ce ta cikin ƙasa, tana lalata hanjin tsutsar da ta ci ganyen, ba ta taɓa mutum ko zuma.

Akwai masu jiƙa ganyen taba su fesa, wai ai daga tsiro yake. Ni ba na yi. Nikotin guba ce mai ratsa fata, sannan taba na iya kawo wa tumatir da barkono cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya nannaɗe, wadda ba ta da magani.

Cutar ganye yawanci laima ce ke ciyar da ita. Ba shuka tazara iska ta ratsa, ka yi ban ruwa a gindi da safe, kada ka shiga gona kana taɓa ganye yana jiƙe. Wadda ta kamu sosai ka tuge ta, ka fitar daga gonar ka ƙona. Farar wuta tana maganin fumfunar nan mai kama da an barbaɗa gari, amma tana ƙona ganye in zafi ya haura digiri 32. Kada kuma ka bi tumatir da barkono ko gauta ko dankalin turawa a fili ɗaya, dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Ni nakan sa masara ko wake a wurin, sai bayan shekara uku tumatir ya dawo.