Yadda Ake Koya Wa Yara Nazarin Waƙa A Gida

Iyayen da suka ɗauki nauyin karantar da 'ya'yansu a gida sukan ji tsoron darasin waƙa, musamman idan yaro ya kai shekara 11 zuwa 14, wato matakin ƙaramar sakandare. Abin da ya fi ɓata darasin shi ne a fara da haddar kalmomi irin su jigo da salo, alhali yaro bai taɓa jin daɗin baiti ko ɗaya ba. Rubutacciyar waƙar Hausa don rerawa aka yi ta, saboda haka daga kunne za a fara.

Da farko ku zaɓi waƙa ɗaya, ku ɗebi baiti biyar ko shida kawai. Waƙar Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya tana da sauƙin shiga zuciya, domin makafi da almajirai sun daɗe suna rera ta, ƙila ma kakar yaran ta san wani abu daga ciki. Arewa Jumhuriya Ko Mulukiya ta Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ta dace da yaron da ya fara son tarihi, amma sai an ɗan ba shi labarin siyasar Arewa kafin samun 'yancin kai a 1960.

Ranar farko kada a taɓa alƙalami. Ku rera baitocin sau biyu ko uku, ko ku kunna muryar wani a waya, yara suna bi suna tafawa. Sannan ku tambaye su: wane wuri ne ya fi muku daɗi? Wace kalma ce ba ku gane ba? Tsofaffin kalmomi da na Larabci za su fito da yawa. A rubuta su a bayan littafi, a je a tambayi manya.

Washegari sai a duba zubi da tsari, kuma nan ne yara suka fi samun nishaɗi, don aiki ne na ido da yatsa. Ku ba yaro fensir mai launi ya ƙirga ɗangwayen kowane baiti, wato layukan da ke cikinsa. Idan biyu ne, waƙar 'yar ƙwar biyu ce. Idan biyar ne, 'yar ƙwar biyar. Daga nan ya zagaye gaɓar ƙarshe ta ɗangon ƙarshe a kowane baiti. Zai ga sauti ɗaya yana ta dawowa, kamar “ya” a waƙar Sa'adu Zungur. Sai bayan ya gano da kansa za ku gaya masa cewa sunan wannan amsa-amo. Abin da yaro ya tono da hannunsa ba ya saurin mantawa da shi.

Kari, wato ma'aunin hawa da saukar gaɓoɓin waƙa, ya fi wuya, kada a yi masa gaggawa. Ya isa yaro ya bambance gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Ku furta “dariya” a hankali: “da” tana da tsawo, “ri” gajeriya ce, “ya” tana da tsawo. A buga tebur da ƙarfi a kan mai nauyi, a ɗan taɓa shi a kan marar nauyi. Sunayen karuruwan da aka aro daga arulin Larabci, wato ilimin auna waƙa, kamar Kamil da Mutaƙarab, a bar su sai babbar sakandare.

Jigo kuwa, tambaya ɗaya ta wadatar: me mawaƙin yake son gaya mana? Yaro ya faɗa da bakinsa a jimla guda, sannan ya nuna ɗangon da ya sa ya ce haka. Idan fahimtarsa ta saɓa da taku amma yana da hujja a cikin baitin, ku karɓa. Na fi son yaro ya kawo ma'anar da ta ɗan karkace da hujjarsa, da ya maimaita abin da aka ɗura masa.

Don koyar da adon harshe, ku tsara naku gajeren misali a kan abin da yara suka sani:

Ruwa ya sauka, ƙasa ta yi dariya,
Gero ya miƙe ya yi wa gona kwalliya.

Ku tambaya: ƙasa tana da baki ne? Za su ce a'a. To me ya sa aka ce ta yi dariya? Ku bar su su yi ta gardama, daga baya ku ce wannan shi ne mutuntarwa, wato ba wa abin da ba mutum ba halin mutum. Haka za a bi da kamantawa, a sa su farauto “kamar” da “tamkar” a cikin baitoci.

A ƙarshen mako kowane yaro ya tsara baiti biyu nasa, da amsa-amo iri ɗaya, a kan akuyar gida ko layin ɗibar ruwa, ya rera wa mutanen gida bayan sallar isha'i. Kada a gyara masa a gaban jama'a. Gyaran rubutu da na kari a bari sai da safe, ku biyu kaɗai. Mako mai zuwa sai a ɗauko baitoci na gaba a waƙar da aka fara.