Yadda ake rufe ragar gaban motar dizal lokacin tsananin sanyi

Injin dizal baya saurin ɗaukan zafi, to idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 0 iskan da ke bugun lagireto sai ta dinga kwashe ɗan zafin da ya tara, hita na hura sanyi, mai baya ƙonewa da kyau, hayaƙi na yawa. Amfanin marfin da ake rufe ragar da shi kenan, yana rage iskan.

Ka sayi wanda aka ɗinka daidai da motarka, ka goge ragar ta bushe tukun, sannan ka maƙala daga sama ka sauko kana ja har ya ɗame. Ka bar ƙofa a tsakiya fa, saitin fanka, kar ka toshe gaba ɗaya don abin da ke sanyaya iskan turbo shima a nan yake shan iska. Masu cusa kwali jikin lagireto don Allah ku daina, yana jiƙewa ya manne.

In ka hau titi idonka na kan agogon zafi, allura ta fara wuce inda ta saba tsayawa to ka samu wuri ka faka ka ƙara buɗewa. Ranar da zaka ja kaya mai nauyi ko gari ya yi ɗumi, cire marfin kawai.