Kafin ku karɓi 'yar kyanwa a Ingila

A gida kyanwa ita ke riƙe da kanta. Ta kama ɓeranta, ta lashe ragowar tuwo, ta kwana a gindin rumbu, ba wanda ya taɓa kai ta asibiti. Da wannan tunanin na karɓi wata 'yar kyanwa a hannun maƙwabciyarmu, muna wata huɗu da sauka Ingila, don yara sun ishe ni da naci. Kwana uku sai ta lafe a jikin hita, ba ci ba wasa, ga zawo, ga susa ba ƙaƙƙautawa. Mu ma muka wayi gari da jajayen ƙuraje a idon sawu.

Ashe ƙuma ce. Gane ta ba wuya. Ku jiƙa farin tishu, ku taje gashin kyanwar a kansa. Za ku ga wani baƙin gari kamar masoro yana zuba. In ya narke ya koma ja, to kashin ƙuma ne, jinin da ta sha ke nan. Babbar mage ƙaiƙayi kawai za ta sha, amma jaririya ƙuma na iya ƙarar mata da jini. Ku ɗaga leɓenta ku dubi dasashi. In ya yi fari fat, ko ta yini ba ta ci komai ba, ranar za ku nemi likitan dabbobi, ba gobe ba.

Inda mutanenmu ke yin ɓarna shi ne gaggawar yin magani da kansu. Ni kaina sai da na ɗauko Dettol, matata ta ce, "Baban Amira, wannan abar ko tafin hannunka ba ta cika ba, tambaya tukuna." Allah ya taimake ni na ji maganarta, domin Dettol guba ne ga kyanwa. Haka Panadol: hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Kananzir da fiya-fiya kuwa kada ma a kawo zancensu. Mafi yaudara duka shi ne maganin ƙumar kare da ake ɗigawa a ƙeya, don kwalinsa kamar na kyanwa yake, kuma gefe da gefe ake jera su a kanti. Da yawansu na ɗauke da sinadarin da za ku ga an rubuta permethrin, wanda ke sa kyanwa karkarwa da dalalar miyau da farfaɗiya. Rage yawansa ba ya hana komai. In an riga an ɗiga, a wanke wurin da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke, a garzaya asibiti da kwalin a hannu.

Na kyanwar ma da shekaru da nauyi ake bayarwa. Maganin ƙuma mai suna Frontline, na ɗigawa, sai ta kai mako 8 da kilo 1. Tamu ba ta kai ba, sai likita ya ba da na feshi, ya haɗa da maganin tsutsar ciki, tunda ƙuma ce ke kawo tsila. Zawon kuma laifina ne, madarar shanu nake ba ta.

Sauran aikin a cikin gida yake. Ƙumar da kuke gani 'yar kaɗan ce. Ƙwai da 'ya'yan suna cikin kafet da kujeru, hita na ɗumama su ko ana tsakiyar hunturu. Ku wanke shimfiɗarta a ruwa mai zafin digiri 60, ku riƙa bin kafet da injin zuƙe ƙura kullum har tsawon makonni.

Batun kuɗi: NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, ba ta san da zaman dabba ba, ganin likita ma biya ne. PDSA, wata ƙungiyar agaji mai duba lafiyar dabbobi, na taimakawa, amma akasari sai mai karɓar tallafin gwamnati, wanda bizar aiki da ta karatu suka hana mu. Ga allurar rigakafi biyu, ta farko a mako 8 ko 9. Sannan tun 10 ga Yunin 2024 doka ta ce kafin kyanwa ta cika mako 20 a sa mata 'yar na'urar shaida mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, in ba haka ba tara na iya kaiwa fam 500. Ku kuma duba takardar hayarku. Mu sai da muka roƙi mai gida a rubuce kafin ya yarda.