Yadda Ake Gane Shanyewar Ɓarin Jiki Kafin Lokaci Ya Ƙure

A nan Makka, idan dattijo ya dawo daga Harami yana tangaɗi, harshe na harɗewa, sai ka ji an ce rana ce ta buge shi, wasu ma su ce iska ce. Alhali yana iya zama shanyewar ɓarin jiki, abin da Larabawa ke kira jalɗa: gudan jini ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ko kuma jijiyar ta fashe.

Gwajin da za ka yi don ganewa bai kai minti guda ba. Fara da fuska, ka ce, "Baba, yi mini murmushi." Idan baki ya karkace gefe ɗaya, alama ce. Sai ya miƙe hannuwansa biyu gaba, ka ƙirga goma, ka ga ko ɗaya zai sulale ƙasa.

Wajen magana ake yawan ruɗuwa. Kada ka tsaya ga Fatiha, domin abin da mutum ya haddace tun yana yaro yana iya fitowa sumul ko da ƙwaƙwalwa ta taɓu. Nuna masa carbi ko buta ka ce, "Mene ne wannan?" Idan ya rasa sunan, ko ya amsa da abin da ba ya kan hanya, wannan ma alama ce. Haka in gani ya dushe farat ɗaya, ko kai ya sara irin wanda bai taɓa ji ba.

Alama ɗaya ta isa. Kira 997, lambar Hilal Ahmar masu motar ɗaukar marasa lafiya, ko 911, ka faɗi unguwa dalla-dalla, Shara Mansur ce ko Rusaifa, da masallacin da ke kusa. Duba agogo ka riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe. Likita zai tambaya, saboda allurar narkar da gudan jini galibi cikin awa 4 da rabi ake yin ta.

Kafin motar ta iso, in ya galabaita kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa komai, har zamzam. Haɗiya takan gagara, ruwan ya bi ta huhu. Asfirin ma a bari sai an ɗauki hoton kai, domin in jijiya ce ta fashe, ƙara zubar jinin zai yi. Mai addu'a ya yi, amma ana tafiya asibiti.

Wani lokaci bayan minti kaɗan bakin ya miƙe, Baba ya ce a kawo shayi. A kai shi asibiti duk da haka, a ranar, musamman in yana da hawan jini ko ciwon suga. Babbar shanyewar tana iya biyo baya cikin 'yan kwanaki.